Kunun da Ya Zauna a Cokali

Ranar da 'yata ta cika wata shida, Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta riga ni tashi. Kafin in idar da sallar asuba har ta aza ruwa, ta dama koko a ƙaramin kofi, ta tace shi sau biyu sai da ya koma tsararo kamar ruwan wankin shinkafa. Ta daɗe tana jiran wannan rana. A watan Disamba na haihu, don haka wata na huɗu da na biyar sun faɗo a tsakiyar zafin Kano, lokacin da manya ma tsakar gida suke kwana. Kusan kullum sai ta ce mini, "'Yar nan, ki ji tsoron Allah ki ba kishiyata ruwa, wannan zafi ko raƙumi ya nemi rijiya." Ni kuwa na riƙe abin da aka koya mana wajen awo: nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon ruwa ne, idan jariri ya ji ƙishi sai a ƙara sa shi a mama. Na kai wata shidan da ƙyar, kuma a zatona wahala ta ƙare. 'Yar fari ce, shi ya sa ba za ku ji sunanta a bakina ba.

Alamun duk sun bayyana. Wuyanta ya tsaya, tana zama idan an tokare ta da matashi, idan ina cin abinci tana bin lomar da ido har bakina, tana kai hannu. Na ba ta cokali biyu na kokon, ta yamutse fuska, ta turo rabi da harshe, ta haɗiye rabi. A satin muka je asibitin unguwa aka matsa mata shuɗiyar ƙwayar bitamin A a baki. An yi mana bayani a kan abinci, amma mata sun fi ɗari, yara na kuka, abin da na tsinta kawai shi ne "a fara ba su kunu". Sai na dawo gida na ci gaba da koko, safe, rana da yamma.

Abin da ya faru a sati na uku har yanzu idan na tuna sai gabana ya faɗi. Yarinya ta fara kau da kai daga cokali. Hajiya ta ce ai ba a lallashin jariri a kan abinci, ɗura ake yi, haka ta yi wa 'ya'yanta bakwai. Ta kwantar da ita a cinya, ta tara tafin hannu a bakinta, ta tsiyaya koko a ciki, ta toshe mata hanci. Yarinya ta buɗe baki neman numfashi, koko ya wuce. A karo na uku ta ƙware, ta yi ta tari, koko na fita ta hanci, idanunta suka yi ja. Na miƙa hannu na karɓe ta ban ce komai ba, jikina na rawa. Surukata ce, kuma na san ba mugunta ba ce, so ne irin wanda aka koya mata. Da dare na gaya wa maigida cewa ba zan iya sake ganin wannan ba. Shi ya kawo dabarar da ta fisshe mu. Ya ce ranar awo mu tafi tare da Hajiya, ta ji da kunnenta.

Da muka je a wata na bakwai, sikeli ya nuna nauyinta bai motsa ba daga inda yake a watan baya. Sistar da ke duba mu, babbar mace ce mai haƙuri, ta tambayi abin da take ci. Na ce koko sau uku. Ta ce in nuna mata. Na buɗe filas na zuba a murfi. Ta ɗebo da cokali, ta karkata shi, koko ya zube tas. Sai ta juya wajen Hajiya, ba wajena ba, ta ce, "Mama, cikin yarinyar nan bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. In muka cika shi da wannan, ruwa muka cika shi da shi, kuma mun tare wurin nono, wanda ya fi wannan kokon ƙarfi nesa ba kusa ba." Nan na gane abin da na yi wata guda ina yi: na rage mata abinci mai kyau na musanya da ruwan gero. Ta ce kunun jariri sai ya yi kaurin da idan an karkata cokali zai zauna, ko ya sauko a hankali da nauyinsa, kuma gero kaɗai ba ya gina jiki. Game da ɗura, ta bayyana cewa idan an toshe hanci yaro ya ja numfashi, kunun na iya bin hanyar iska ya shiga huhu, daga nan sai ciwon huhu, wani yaron ma nan take ake rasa shi. Hajiya ta yi shiru har muka hau adaidaita. A hanya ta ce, "Allah ne ya raya mana namu." Tun daga ranar ba ta sake tara hannu a bakin yarinyar ba.

Garin kunun da Sista ta koya mini shi ne wanda ake kira Tom Brown, kuma awonsa mai sauƙin riƙewa ne: shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Da gwangwanin madara nake aunawa, gero uku, dawa uku, waken suya uku, gyaɗa ɗaya. Aikin yini biyu ne, a damina ma ya fi haka saboda shanya ba ta bushewa da wuri. Ina tsince hatsin, in rege tsakuwa, in wanke, in shanya a kan tsabtataccen zane a inda kaji ba sa kaiwa. Idan ya bushe ƙayau sai in soya shi a busasshiyar tukunya, ba mai, har ƙamshi ya tashi. Waken suya ya fi komai neman kulawa, domin ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana ciki narkar da abinci, wuta ce ke kashe shi. Ina soya shi har ya yi ruwan ƙasa, in ɓarza a turmi, in bakace ɓawon. Gyaɗa kuwa ɗaya bayan ɗaya nake bi. Duk wadda ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko ta yi fumfuna, zubarwa nake yi, saboda gubar fumfunar gyaɗa da masara tana lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Wajen niƙa na koyi wani darasi da kuɗina: garin farko ya dawo da yajin wanda aka niƙa kafin nawa, dole manya suka shanye shi. Yanzu da sassafe nake aikawa, da ɗan gero daban wanda za a fara zubawa ya wanke injin. Ina tankaɗewa da matankaɗi mai laushi, in zuba a roba mai murfi, kuma ba na yin wanda zai wuce sati biyu zuwa uku.

Damawar ba irin ta koko ba ce da ake sheƙa tafasasshen ruwa a kan gasara a sauke. Wannan dafa shi ake yi. Cokali biyu ko uku na garin, a kwaɓa da ruwan sanyi, a zuba cikin ruwan da ke tafasa, a yi ta juyawa a kan wuta kaɗan kamar minti goma har ya yi kauri ba gudaji. In na sauke sai in sa ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, don mai yana ƙara ƙarfi ba tare da ya cika ciki ba, manja kuma yana da bitamin A. Sukari ban taɓa sawa ba. In ina son zaƙi sai in murje ayaba a ciki, ko dabinon da na jiƙa na cire ƙwallo da ɓawo.

Gyaɗar ta ɗan ba ni tsoro da farko, don na sha jin cewa akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta. Daga baya na samu labarin binciken da aka yi a Landan, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2015, inda aka ga cewa jariran da aka fara ba gyaɗa da wuri sun fi tsira daga wannan matsala da kusan kashi 80 cikin 100 a kan waɗanda aka hana. Duk da haka ranar farko kaɗan na ba ta, da safe, na yini ina duba jikinta ko zan ga borin jini, kumburin leɓe ko amai. Haka na yi da ƙwai da kifi, kowanne ranarsa daban, domin in wani abu ya faru in san mai laifi.

Ina da blenda cikin kayan aurena, amma wuta ba ta tsayawa, sai rariya da bayan cokali suka zama kayan aikina. Dankalin Hausa na fara da shi. In maigida ya biya ta kasuwar Yankaba yana neman mai jan ciki, shi ne mai bitamin A. Ina feraye shi, in turara a madambaci, don tafasawa cikin ruwa mai yawa tana tafiya da wani ɓangare na amfaninsa, in murje ta rariya, in sassauta da nonon da na tatsa. Wannan ta karɓa hannu bibbiyu. Gwanda da ayaba ba sa buƙatar wuta, cokali mai yatsu ya ishe su. Kabewa ce ta gwada haƙurina. Na ba ta, ta tofar. Bayan kwana biyu na sake, ta rufe baki gam. Hajiya ta ce in ƙyale ta, ba ta so. Amma an gaya mini yaro kan ɗanɗana sabon abu sau goma ko fiye kafin ya saba, sai na ci gaba, cokali ɗaya, ba faɗa, ba dole, in ta kau da kai in ɗauke. A karo na tara ta cinye rabin ƙaramin kwano. Na yi murna har na kira mahaifiyata a waya.

Sista ta taɓa jan fatar idon yarinyar ta duba ciki, ta ce jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma wajen wata shida ajiyar ke ƙarewa, nono kuma ba shi da isasshe. Wannan ya sa na daina kallon nama a matsayin abincin masu haƙori. Sau ɗaya a sati ina sayen 'yar hanta, in dafa ta sosai, in goga a magogi ta zama gari-gari, in cakuɗa da dankali. Busasshen kifi ina bi da yatsa in cire ƙaya, in daka. Wake ina surfe shi in cire ɓawo kamar za a yi alale, in dafa ya yi luguf. Zogale muna da shi a gida, ina shanya ganyen a inuwa, in daka, in barbaɗa kaɗan a kunu. Bayan irin wannan abinci ina ba ta gwanda ko ruwan lemon zaƙi kaɗan, don yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen. Shayi kuwa akasin haka yake yi, shi ya sa ko ɗanɗane ba na bari a ba ta.

Ƙwai sai da muka yi zama a kansa. Hajiya ta ce su a wajensu ba a ba yaro ƙwai, yana sa ɗauke-ɗauke in ya girma. Ban yi musu da ita ba. Na ce, "Hajiya, a asibiti sun ce yana cikin abin da zai tayar da nauyin nan." Ta ce to, a gwada. Damina ce, lokacin ƙwan zabi, kuma bayan sati biyu ita da kanta ta dawo daga ƙauye da su a ƙwarya. Ina dafa shi har gwaiduwar ta daskare sosai, in murje fari da gwaiduwa tare da ɗan ruwan ɗumi.

Zuma ce kaɗai na tsaya a kanta ƙyam, ba sassauci. Ba wanda ke musun cewa waraka ce, amma tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da hanjin jariri bai isa ya yaƙe ta ba, gubarta tana saki jijiyoyi har numfashi ya gagara. Sai ya cika shekara ɗaya. Haka madarar shanu a matsayin abin sha, balle fura da nonon da ban san ko an tafasa ba. Gishiri da dunƙule kuwa, ƙodar jariri ba ta ƙosa ba, don haka in ina miya sai in ɗebe nata kafin in zuba su da yaji.

Wajen wata takwas ta fara fizge cokali daga hannuna, in na kai bakinta ta ture. Na ɗauka ƙin abinci ne ya dawo. Ashe so take ta ci da kanta. Na turara dankali na yanka shi dogo-dogo kamar yatsana, yadda za ta damƙe rabi a tafi rabi ya leƙo. Gwajina ɗaya ne: in na matsa shi tsakanin babban yatsa da manuni ya murje ba wahala, to dasashinta zai iya. Ayaba ina tsaga ta a tsaye. Sai wainar ƙwai da aka yanka siri-siri, alale marar barkono, awarar da ba a soya ta bushe ba, karas da ya turaru har ya yi laushi, da tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa. Da ta kai wata tara ta fara tsintar abu da yatsu biyu, sai na koma yanka ƙanana.

Ranar da na fara ba ta gwanda a hannu, ta gutsuri babba, ta tura shi can ciki, sai ta fara kakarin amai, fuska ta yi ja, harshe a waje. Na zabura zan zura yatsa, sai na tuna gargaɗin Sista cewa yatsa na iya ƙara tura abin ciki. Na dafe hannuna a cinya ina kallo ina salati. Cikin daƙiƙu ta turo shi waje, ta dube shi, ta sake ɗauka. Wannan bambanci ya kamata duk mai riƙe da jariri ta sani. Kakari yana da ƙara, akwai tari, akwai kuka, jiki ne ke kare kansa, a bar shi ya gama. Shaƙewa ta gaskiya shiru ce: ba kuka, ba tari, leɓe ya fara canza launi. A nan ne ake kifa yaro a kan hannu, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau biyar, in bai fito ba a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau biyar, a yi ta maimaitawa ana neman taimako. Na gwada wannan da 'yartsana har hannuna ya saba, na koya wa maigida da Hajiya. Allah bai sa mun buƙace shi ba.

Akwai abubuwan da na hana shiga hannunta gaba ɗaya: gyaɗa guda-guda, aya, gugguru, ɗanyen karas, alewa, tsokar nama, da ɗanwake, wanda santsinsa da siffarsa daidai suke da maƙogwaron yaro. Gidanmu gidan yawa ne, kuma haɗarin ba daga manya yake ba, daga yara ne masu son ƙanwarsu, kowa na so ya sam mata abin da ke hannunsa. Na tara su na yi musu bayani, na ce duk mai son ba ta abu ya kawo mini tukuna. Ba ta ci a kwance, ba ta ci tana rarrafe, kuma ba ta ci a goye, don abin da ke bayanki ba kya ganin fuskarsa.

Ɓarna kam ana yi. Ina shimfiɗa leda a kan tabarma, in tuɓe mata riga, rabin abincin a ƙasa da gashi yake ƙarewa. Hajiya tana ganin almubazzaranci ne, sai na rage abin da nake ajiye mata a gaba, yanka biyu ko uku, in ta gama in ƙara. Kwanonta daban, ba na haɗa ta da sauran yara a tire, don ta haka ne kawai nake sanin abin da ya shiga cikinta. Daga wata shida zuwa takwas sau biyu zuwa uku take ci a yini, daga wata tara ya koma uku zuwa huɗu, kusan rabin kofi kowane zama, da ɗan abin taɓawa a tsakani, nono kuma duk lokacin da ta nema.

Sau ɗaya ta yi gudawa mai tsanani. Kowa a gidan ya ce haƙori ne. Ni na san abin da na yi: ranar mun je suna, na dama kunu da safe na zuba a filas, na ba ta sauran da la'asar. Dafaffen abinci in ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin garinmu ya zama gidan ƙwayoyin cuta, balle mai waken suya da gyaɗa. A asibiti aka ba mu gishirin haɗa ruwa da ƙwayar zinc ta kwana goma, aka ce kada in dakatar da nono ko abinci, in riƙa ba ta kaɗan-kaɗan akai-akai, in ta warke in ƙara mata zama ɗaya a yini har ta mayar da jikinta. Tun daga nan kaɗan nake damawa, a ci a gama, in za mu fita in riƙe ayaba da dafaffen ƙwai a ɓawonsa. Hannuna da nata sai an wanke da sabulu kafin a zauna.

Da muka je allurar ƙyanda da ta shawara a wata tara, layin nauyinta a katin awo ya miƙe sama. Aka naɗa mata tef ɗin awon damtse, ya tsaya a kore. A bayana akwai wata yarinya ƙarama da ɗanta, nasa ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa mai tsanani. A hannunta akwai filas irin nawa. Na kasa daina kallonsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57, a yankin da ke da kasuwar hatsi irin Dawanau, inda ake lodin gero da wake da waken suya zuwa wasu ƙasashe. Talauci gaskiya ne, akwai gidan da ƙwai ɗaya ma sai an yi lissafi, ba na raina wannan. Amma ni ba rashi ne ya tsayar da nauyin 'yata ba. Gero, gyaɗa, wake, zogale da manja duk suna cikin gidan tun ranar farko. Na matsa kusa da yarinyar nan muka yi magana har aka kira ta, na faɗa mata awon shida, uku, ɗaya, ta maimaita sau biyu don kada ta manta.

Yanzu 'yata tana da wata goma sha ɗaya, haƙora huɗu, kuma ina da niyyar shayar da ita shekara biyu cikakku in Allah ya yarda. Yau da safe ta sha kununta da ayaba, da rana ta ci faten wake da alayyahu da hannunta. Jiya ƙanwar maigida ta zo daga Gusau da ɗanta mai wata shida da 'yan kwanaki. Ina ɗaki na jiyo Hajiya a madafa tana ce mata ta miƙo cokali. Na leƙo, na ga ta ɗebo kokon da ta zo da shi, ta karkata, ya zube. Ta ce, "Wannan ba zai riƙe mini miji ba. Ɗauko robar can mai jan murfi, ki zo ki ga yadda ake yi."